Akwatin Anti: Sanyi, zafi da jinya a ƙasar mutane

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan kusan duk daga waje suka zo, kuma maganar tasu ɗaya ce, jiki yaje inda bai saba ba ya fara ƙorafi. Na zaɓi biyar, na rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba. Duk wanda nace yaje asibiti toh yaje, kar ya karanta amsata ya koma ya ja bargo.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ni matar aure ce, na biyo mijina Bradford a Ingila watan Satumba, yana karatun digiri na uku. Da muka zo lafiya lau, amma tun shigowar Nuwamba wallahi na kasa gane kaina, kullum gajiya, ƙafafuna da bayana ciwo, bacci baya isata, kafin ƙarfe huɗu na yamma gari yayi duhu sai kawai inji hawaye na zubo min ba tare da an min komai ba. Ga gidan wani irin warin danshi, bango duk yayi baƙi ta bayan durowar kaya, shi yasa kullum da yamma nake hura gawayi a kasko in sa turaren wuta in rufe tagogi saboda sanyi, toh kuma kwanan nan ni da yarona ɗan shekara biyu da ciwon kai muke kwana, shi har amai yayi sau biyu. Na kira Umma tace ƙila iska ce, in dage da azkar da hayaƙi. Mai gidan kuma yace hita tana cin kuɗi sai dare yayi sosai muke kunnawa. Anti me ke damuna ne?
Maman yaro, Bradford

AMSA

Ƙanwata, kafin ki ƙarasa karanta amsar nan ki tashi ki kashe gawayin nan, kuma kar ki sake hura shi a cikin gidan. Da gaske nake. Gawayi in yana ci a ɗakin da aka rufe yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid, bata da wari bata da kala, tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki yake buƙata, alamarta ta farko kuwa ita ce wannan da kika lissafa, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala, kuma yara ƙanana ta fi saurin kayarwa. A gida muna hura kasko shekara da shekaru bamu ga komai ba saboda ƙofa a buɗe take, ga tsakar gida, ga iska na shiga ta ko'ina, amma gidajen can an gina su ne don kar iska ta fita, taga mai gilashi biyu, ƙofa mai roba a gefe, abunda kika hura nan yake zama ku shaƙe shi har safe. Ki lura, in kun fita waje ciwon kan yana sauƙi, in kun dawo ya dawo? Toh shikenan an gama magana. Yau ɗin nan ki kira 111, layin shawarar lafiya na ƙasar, ki faɗa musu gaskiya cewa kina ƙona gawayi a ɗaki kuma yaro yayi amai, ba kamaki za'a yi ba. In kuwa kika ga yaron ya yi laushi, baya farkawa da kyau ko numfashi na masa wuya, 999, layin gaggawa, zaki kira kai tsaye. Turarenki baki rabu dashi ba, ki sayi bona ta lantarki, ki ɗan buɗe taga in kin sa. Sannan ku duba ko akwai ƙararrawar gano wannan iskar a gidan, doka a Ingila ta ɗora wa mai gidan haya ya sa ta a ɗakin da tukunyar gas ta hita take, don ita ma in ta lalace guba ɗaya take fitarwa.

Azkar ki dage dashi kamar yadda Umma tace, Allah ya saka mata. Hayaƙin ne dai a'a.

Baƙin da ke bango fumfuna ce, danshi ke kawota, kuma tana tada tari da asma musamman ga yaro. Turare rufe warin kawai yake. Abunda yake kawo ta a gidajen mutanenmu kusan kullum abu uku ne, shanya wanki a ɗaki, girki mai tururi ba'a kunna fankar kicin ba, da barin gida yayi sanyi ƙalau. Ki janye durowar daga jikin bango, ki riƙa buɗe tagogi na ɗan lokaci kowace safiya ko da ana sanyi, ki ɗauki hoton bangon ki tura wa mai gidan hayar a rubuce ba a baki ba, in yayi biris ku kai ƙara kansil, wato ƙaramar hukumar garin. Shi kuma angon naki, da girmamawa, a faɗa masa hukumar lafiyar ƙasar cewa tayi ɗakin da ake zama kar ya gaza digiri 18, shi yana wuni a laburare mai ɗumi ke da yaro kuna gida kuna karkarwa, wannan ba tattali bane. Ku ɗumama ɗaki ɗaya da kuke zama ku rufe sauran, ya fi a kashe gaba ɗaya.

Ciwon ƙafa da baya da gajiyar nan, ina zargin ƙarancin bitamin D, ko ƙarancin jini, ko duka biyun. Fata ce take haɗa bitamin D in rana ta taɓa ta, toh daga Oktoba zuwa Maris ranar Ingila bata da ƙarfin da zata yi wannan aikin ko ga bature, balle mu masu duhun fata da muke buƙatar rana fiye dasu, ga hijabi ga zaman gida. Shawarar da ake ba kowa a can ita ce maikurogiram 10 a rana lokacin sanyi, irinmu kuma an ce gara mu sha duk shekara. Ana saidawa a kowane kemis da manyan kantuna, ba tsada. Amma kar ki je ki sayo mai ƙarfi ki riƙa afawa don wata a gurup ɗin WhatsApp tace, ki bari a miki gwajin jini, in ya yi ƙasa sosai likita ne zai rubuta miki wanda ya dace. Yaron ma akwai na ɗigawa na yara.

Kukan kuma ƙanwata ba hauka bane ba aljanu bane. Kin bar gida cike da mutane, maƙota na shigowa ana sallama, kin koma tsakanin bango huɗu da yaro, rana ta fito bayan takwas ta faɗi kafin huɗu, su kansu 'yan ƙasar da aka haifa a ciki wasu duk hunturu sai damuwa ta kamasu, likitocinsu sun san abun sosai. Ki tilasta wa kanki fita kullum tsakanin sha ɗaya da ƙarfe ɗaya ko da gari ya yi luf, ki naɗe yaro ki tura shi a keke ku zaga. Bradford cike take da masallatai da azuzuwan mata, kuma dakunan karatu na unguwa suna da zaman iyaye da yara kyauta, kije ko baki jin turancinsu sosai. In ya wuce sati biyu kullum haka, ko kin daina jin daɗin komai, ko wani mugun tunani ya fara zuwa miki game da kanki, ki faɗa wa likita a fili.

Wanda ya kawo mu kan maganar da baki taɓo ba, kin yi rajista da GP kuwa? Likitan unguwa kenan, ta hannunsa komai yake bi. Rajista kyauta ce, kuma kuɗin lafiya kun riga kun biya tun wajen biza, ɗalibi da iyalinsa fam 776 kowane mutum a shekara, kinga ba alfarma za'a miki ba. Kina da damar neman likita mace, kina da damar neman tafinta.

TAMBAYA

Salam Anti. Ɗalibi ne ni a Selangor, Malesiya. Yau kwana huɗu zazzaɓi mai zafi ya kamani, ciwon kai ta bayan ido, gaɓoɓi kamar ana karyawa. Na sha maganin maleriya da na taho dashi daga gida na gama duka ba canji, ina haɗawa da ibuprofen saboda ciwon jikin. Yau zazzaɓin ya sauka alhamdulillah amma cikina na ciwo kuma da nayi burushi naga jini. Abokina yace taifot ne in nemi cipro. Bana son zuwa asibiti saboda kuɗi kuma ga jarabawa. Wane magani zan ƙara?
Ɗalibi, Selangor

AMSA

Ƙanina na riga na amsa maka a ɓoye ranar da saƙon ya shigo nace ka tafi asibiti a daren, ina fata kaje. Na sako tambayar a nan ne saboda sauran.

Abunda ya lissafa ya fi kama da zazzaɓin dengi da sauro ke yaɗawa, kuma ya shiga daidai lokacin da ya fi haɗari. Dengi mayaudari ne, tsakanin kwana na uku zuwa na bakwai zafin jiki yake sauka mutum yace ya warke, alhali a kwana ɗaya zuwa biyun da ke biye ne jijiyoyin jini suke iya fara yoyo, ƙwayoyin da ke tsaida jini su ragu. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko haɓo, baƙin kashi, kasala ko rashin natsuwa, duk wanda ya ga ɗaya daga ciki bayan saukar zazzaɓi ba maganar jira sai gobe. Ibuprofen da asfirin da diclofenac kuwa ƙara zubar jinin suke, farasitamol kawai aka yarda dashi, shi ma kar babba ya wuce giram 4 a awa 24. Cipro ba abunda zai yi don dengi bairos ne, maganinsa ruwa da sa ido da gwajin jini akai akai, wani sai an kwantar dashi an masa ƙarin ruwa.

Matsalarmu ita ce mun taso kowane zazzaɓi sunansa maleriya, in ya ƙi ji ya koma taifot, mai kemis na kan layi shi ne likita. Da wannan tunanin muke hawa jirgi. A biranen Malesiya maleriyar da muka sani kusan babu ita, wadda ta rage ta birai ce da galibi ake ɗauka a dazukan Sabah da Sarawak, amma dengi a 2023 kaɗai ya kama sama da mutum 120,000 a ƙasar kuma Selangor ce kan gaba. Sauron ma daban ne, mai ratsin fari da baƙi, da rana yake cizo musamman da sassafe da gab da magariba, a ruwa mai tsabta yake ƙwai, ƙarƙashin tukunyar fulawa, bokitin banɗaki, tiren bayan firji. Gidan sauro da daddare kaɗai bazai tsare ka ba, sai da man shafawa na korar sauro da zubar da duk ruwan da ya kwanta. Kuma dengin iri huɗu ne, wanda yayi sau ɗaya bai tsira ba, na biyun ma ya kan fi tsanani. 'Yan Indiya ku ma da ku nake, bayan damina kakarsa ce.

Maganar kuɗi, duk ɗalibin waje a Malesiya da inshora ake bashi biza, da yawa basu taɓa buɗe takardar ba. Ka nemi katin a ofishin ɗaliban waje, ka tambayi asibitocin da ke karɓarsa. Jarabawa kuma takardar likita tana ɗaga ta.

Sai juyin wannan, don 'yan Turai da Amurka. Ku matsalarku likitan ne bazai kawo maleriya a ransa ba. Wanda ya shekara biyu uku a waje ɗan juriyar da jikinsa yake da ita ta tafi, yazo hutu Kano ko Maraɗi da damina yaƙi shan maganin kariya wai shi ɗan gida ne, ya koma bayan kwana goma zazzaɓi ya rufe shi a ce masa mura ce yasha farasitamol. A 2023 sama da mutum 2,000 aka samu da maleriya a Birtaniya, mafi yawansu waɗanda suka je ganin gida ne, kuma duk shekara sai an rasa rai. Duk zazzaɓin da ya zo bayan dawowa daga gida, ko da wata da watanni ne har shekara, kalmar farko da zata fito bakinka ita ce na dawo daga Afirka ta Yamma a duba min maleriya yau.

TAMBAYA

Hajiya Anti ina gaisuwa. Ni magidanci ne a Kano. Ɗana na fari ya samu gurbin karatun injiniya a Rasha, an bashi Kazan. Yaron mai sikila ne, SS, amma alhamdulillah ciwon baya yawan tashi, sai dai lokacin hunturu ya kan kwanta. Mahaifiyarsa ta ce sam ba inda za shi, shi kuma ya daina cin abinci. Ni na rasa ta cewa. Shin mai sikila zai iya rayuwa a irin wannan sanyin?
Mahaifi, Kano

AMSA

Alhaji ina amsawa, Allah ya raya mana shi. Tsoron Hajiya yana kan hanya, kada a ce mata son kai ne. Sanyi yana matse ƙananan jijiyoyin jini, shi kuma jinin mai sikila dama a matsatsi yake maƙalewa, shi yasa hunturun Kano ma da bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba yake kwantar dashi. Kazan a watan Janairu matsakaicinta wajen 10 ne ƙasa da sifili, wasu ranakun ya wuce 20, kuma ƙanƙara tana kwance tun Nuwamba har ƙarshen Maris.

Duk da haka ni bazan ce a hana shi kai tsaye ba. Abunda mutane basu sani ba shi ne cikin gini a Rasha ya fi na Ingila ɗumi nesa ba kusa ba, hukuma ce ke turo ruwan zafi ta bututu zuwa gidaje da hostel tun wajen Oktoba, mutum da singileti yake zama a ɗaki. Haɗarin yana wajen fita da shiga, tsayuwa jiran bas, da kuma bushewar iskar ɗakin da ke ƙone ruwan jiki mutum bai ji ƙishi ba, rashin ruwa kuwa shi ne babban abokin tashin ciwon. Waɗannan ana iya maganinsu, kaya hawa uku, na ciki mai kama jiki wanda ba auduga ba don auduga in ta jiƙe da gumi sanyi take riƙewa, suwaita a tsakiya, babbar jaket a sama, takalmi mai gashi a ciki, hula da ta rufe kunne, safar hannu, gorar ruwa kullum a jaka. Jaket da takalmin a can zai saya, na Kantin Kwari da Kofar Wambai bazasu ɗauki wannan sanyin ba. In yayi alwala ya goge jikinsa ya bushe sarai kafin ya fita.

Abunda ya fi damuna ba sanyin bane Alhaji, asibitin ne. Sikila ba ciwon Rashawa bane, likita zai iya gama aikinsa bai taɓa ganin mai ita ba, ga yaro yana murƙususu baya jin yaren. Taimakon gaggawa ana bayarwa ga kowa, lambar 103 ce ko 112, amma inshorar da ɗalibai ke saya mai arha galibi bata ɗaukar ciwon da aka zo dashi daga gida. Don haka kafin a biya ko kwabo, a rubuta wa jami'ar a tambaye su abu biyu, wane asibiti ne mai sashen cututtukan jini ɗalibansu ke zuwa, kuma wace inshora ce zata ɗauki sikila. Kada a ɓoye ciwon don tsoron a janye gurbin, ɓoyewar ce take kashewa. Ku je wurin likitan jininsa a Kano ya duba shi, ya yanke shawara kan hydroxyurea, maganin rage tashin ciwon, in baya sha, a masa rigakafin nimoniya da na mura, a rubuta cikakken rahoto da rukunin jininsa da yawan jinin da ya saba zama dashi da magungunan da ke masa aiki, a fassara da Rashanci, kofi ɗaya a jaka ɗaya a waya. Magungunan ciwo masu ƙarfi irin su tramadol kada a cusa masa a akwati ba takardar likita, a filin jirgi laifi ne babba a ƙasashe da yawa. Kuma ya sani, zafin jiki da ya kai 38, ciwon ƙirji, haki, ko raunin gefe ɗaya na jiki, motar asibiti ake kira ba abokin ɗaki ba.

In akwai halin canza gari a nema, Krasnodar da Rostov a kudu sanyinsu da sauƙi sosai akan Kazan, Tomsk da Novosibirsk kuwa ko kyauta aka bashi da kuɗin kashewa ni bazan sa hannu ba. In jami'ar ta kasa amsa tambayoyin nan biyu, toh ni ina bayan Hajiya, a nema masa wani wurin.

TAMBAYA

Anti ni ɗan Damagaram ne ina aikin gini a Dammam, Saudiyya. Na ɗauka na san zafi amma na nan daban ne, gumi kamar an watsa min ruwa amma jiki baya hucewa, da dare ƙafata na ɗaurewa, fitsarina yayi ja kuma kaɗan. Jiya wani ɗan Bangaladash ya faɗi a wurin aiki. Ina shan maganin ciwon jiki kullum da lemon kwalba mai sa ƙarfi. Me zan yi?
Ɗan Damagaram, Dammam

AMSA

Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a nema. Zafin Damagaram busasshe ne, na Dammam jiƙaƙƙe ne don kana bakin teku. Ka san randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsattsafowa iska na busarwa, haka jiki yake da gumi, toh in iskar kanta ta cika da laima gumin baya bushewa, kana ta zubar da ruwa da gishiri a banza jiki bai huce ba. Ɗaurewar ƙafa gishirin da ka rasa ne, jan fitsari kuma ƙoda ce take faɗa maka ruwa bai isheta ba. Wannan maganin ciwon jikin, in irin su diclofenac ne ko ibuprofen, haɗa shi da rashin ruwa kullum hanya ce ta lalata ƙoda, mutane nawa suka dawo daga ƙasashen Larabawa suka ƙare a wankin ƙoda suna da ƙuruciyarsu. Ka ajiye shi, ka ajiye lemon ƙarfin nan. Ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan duk bayan kamar minti ashirin ba sai ka ji ƙishi ba, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari na leda da ake saidawa a kemis, in babu ka haɗa da kanka, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ma'auninka kalar fitsari, in bai washe ba cikin kwana biyu ko ya ƙara raguwa kaje a duba ƙodar. Kamfani wajibi ne ya maka inshorar lafiya, da ita ake sabunta iƙama, ka tambayi katinka. Lambar 937 ta ma'aikatar lafiya ce ana ba da shawara ta waya.

Ka san kuma doka ta hana sa ma'aikaci aiki a cikin rana daga 12 zuwa 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ana kai ƙorafi a 19911. Na san mai kafili a wuya ba ko yaushe yake iya buɗe baki ba, amma dai ka san haƙƙinka ne.

In wani ya sake faɗuwa, ko ya fara sambatu, ko tafiyarsa ta zama ta mai maye, a kira motar asibiti a 997, a ja shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, kar a ɗura masa ruwa a baki in baya cikin hayyacinsa, kar a tsaya jiran foman. Zafin ƙasar nan ba abun gwada jarumta bane, a Hajjin 2024 da ma'auni ya haura 51 a Makka sama da alhazai 1,300 ne suka rasu.

TAMBAYA

Anti ina karatu a Alƙahira, an kwantar dani kwana uku saboda asma ta tashi lokacin guguwar ƙurar nan tasu. Na fito lafiya. Ban faɗa wa Mama ba don tana da hawan jini. Nayi laifi?
Ɗaliba, Alƙahira

AMSA

Baki yi laifi ba 'yata, amma ace ba wanda ya sani a gida sam, wannan ne ban yarda dashi ba. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe magana, Baba ko babban yaya ko ƙanwar Mama, ya san komai, ki bashi lambar ƙawarki ta ɗaki da sunan asibitin, ita ma ƙawar ki bata tasa. Mama kuma yanzu da kika warke ki kirata ta bidiyo ta ganki garau kina dariya sannan ki faɗa mata, don in a bakin wata ta ji a gidan biki, ranar ce jinin zai hau.

Ƙurar kuma ba ta gama ba, wannan iskar da suke kira hamsin daga Maris har Mayu take zuwa tana komawa. Ki riƙa duba hasashen yanayi a waya, ranar da aka ce tana tafe ki rufe tagogi ki toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul, in fita ta zama dole ki sa takunkumi mai kyau ba gefen mayafi ba. Abun shaƙa na gaggawa ya zauna a jakar hannu, na kariyar da aka rubuta miki kuma ki ci gaba dashi kullum ko kina jin lafiya, ki koma wurin likitan kafin ya ƙare a sake rubuta miki.